Daga Ma'ajin Sarki Zuwa Akanta: Sauye-Sauyen Matsayin Masu Riƙon Dukiyar Jama'a a Zazzau

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ta Ƙofar Galadima ya shiga birnin Zariya a yau, hanya ce kawai yake gani, da masu babura da masu talla. Amma a zamanin da ganuwa take ganuwa, ƙofa wurin tsaro ce, ana rufe ta da dare, kuma akwai sarkin ƙofa mai lura da shige da fice. Ta irin waɗannan ƙofofi ne hatsin zakka da jakunkunan wuri da kayan gaisuwa suke shigowa daga ƙauyuka su nufi fada. To, idan dukiyar ta shigo, hannun wa take faɗawa? Wa kuma yake da ikon ya tambayi wannan mutum yadda ya yi da ita? Wannan maƙala za ta bi sawun mutumin da ake damƙa wa dukiyar jama'a a ƙasar Zazzau, tun daga lokacin da yake bawan sarki a cikin gida, har zuwa lokacin da ya zama ƙwararre mai takardar shaida, wanda ake sa ran ya ba shugaba shawara, wani lokaci ma ya ce masa a'a.

Kalmar Ma'aji

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a dubi ita kalmar kanta, domin tana ɗauke da abin lura. Ma'aji ta fito ne daga aikatau aje, ko ajiye, aka lanƙaya mata ɗafa-goshi ma-. A rubutun boko kalma ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Idan aka furta ta da karin sauti sama-ƙasa-sama, ana nufin mutumin da yake ajiya. Idan kuwa aka furta dukkan gaɓoɓinta da karin sama, ana nufin wurin da ake ajiyar. Watau Bahaushe bai raba mutum da taskarsa ba sai da ɗan karin murya. A wasu masarautu, kamar Bauchi, Ajiya ake cewa, wadda ita ma daga tushe guda ta fito.

Haka kuma kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kuma ƙirgarsa aiki ne mai cin rana. Wuri ɗari shi ne zangu, dubu kuma zambar, sa'an nan a ɗura su cikin jakar kaba a aza wa jaki ko ɗan dako. Kuɗin da sai an ɗauke shi a ka, ba ya ɓuya cikin aljihu. Saboda haka abin da ake nema ga ma'ajin wancan zamani shi ne amana, da ɗaki mai ƙwari, da mutanen da suka iya ƙirga. Ba a neman ya san inda kuɗin ya dace ya tafi, wannan ruwan sarki ne.

Zamanin Haɓe da na Fulani

M. G. Smith, a littafinsa kan sarautar Zazzau wanda ya fito a 1960, ya nuna cewa a tsarin sarakunan Haɓe, daga cikin manyan rukunan sarauta huɗu, Madawaki ne kaɗai ɗa, shi ne kuma shugaban yaƙi. Galadima da Wambai da Dallatu babanni ne. Shi Galadima, wanda wannan ƙofa take ɗauke da sunan sarautarsa, shi ake bar wa gari idan sarki ya fita yaƙi. Ma'aji ma yana cikin babannin da suke hidima a cikin gidan sarki. Hikimar abin a fili take. Mutumin da ba shi da ɗa ba shi da wanda zai tara wa, ba ya kuma iya neman gadon sarauta, rayuwarsa duka a hannun ubangidansa take. Ashe tun a wancan lokaci an gane cewa dukiya da iko idan suka haɗu a hannun mai dangi, akwai haɗari. Maganin da suka samo shi ne su miƙa ta ga wanda ba shi da kowa.

Masu jihadi sun zo da wata fahimta dabam. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su, ya kuma bayyana hanyoyin da shari'a ta yarda baitulmali ya samu dukiya, kamar humusi da jiziya da dukiyar da ba ta da magaji. A wannan fahimta dukiyar ta Musulmi ce gaba ɗaya, sarki wakili ne a kanta. Sai dai abin da aka rubuta a littafi dabam, abin da mulki ya buƙata dabam. Bayan Malam Musa ya karɓi Zazzau, Sarki Makau kuma ya yi kudu wajen Zuba, ba a daɗe ba haraje-harajen suka dawo da sunayensu. A Zazzau har galma aka aza wa kuɗi, watau ana ƙirga yawan masu noma a gida ne a yanka musu. Ga kuɗin karofi a kan marina, ga kuɗin rafi a kan masu lambu, ga jangali a kan makiyaya.

Yadda kuɗin yake tafiya shi ne abin dubawa. Mai gari ya tara, ya cire nasa. Jakada ya karɓa, ya cire nasa. Hakimi, wanda yake zaune a birni ba a ƙasar da yake riƙe da ita ba, shi ma ya cire nasa, sa'an nan abin da ya rage ya isa fada. Daga nan sarki ya fitar da gaisuwar Sakkwato, wadda take bi ta hannun Waziri, ya sayi dawaki, ya tufatar da bayi da barori, ya yi wa malamai sadaka, ya sauki baƙi. Babu wani shinge tsakanin aljihun sarki da taskar ƙasa, kuma jama'a ba su ga aibin haka ba, domin a idonsu sarkin da ba ya kyauta ba sarki ba ne. Bugu da ƙari, sarautar Zazzau tana zagayawa ne tsakanin gidaje, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma sabon sarki yakan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa. A irin wannan hali ma'aji mutumin sarki ne kafin ya zama mutumin ƙasa. Ranar da ubangidansa ya kau, shi ma kwanansa ya ƙare.

Baitulmalin Turawa

Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Abin da ya fi damun Lugga da mutanensa shi ne kuɗin gudanar da mulki, domin gwamnatin Ingila ba ta son ta riƙa ciyar da ƙasar da ta ci da yaƙi. Da dokar haraji ta 1906 aka tattara yawancin tsofaffin haraje-haraje aka mai da su biyu, haraji da jangali. Aka kawar da jakadu, aka umarci hakimai su bar birni su koma gundumominsu da zama. Aka kuma nace a biya da kuɗin Turawa, fam da sule da kwabo, maimakon wuri. Manomin da yake bayan Ƙofar Galadima ba shi da hanyar samun sule sai ya sayar da wani abu da Bature yake so, kuma abin da Bature yake so a ƙasar Zazzau auduga ce. Da jirgin ƙasa ya ratso ta Zariya ya isa Kano a 1911, sai haraji da auduga da reluwe suka zama tsintsiya ɗaya.

Babban sauyin da ya shafi ma'aji kuwa daga Katsina ya faro, inda Razdan Palmer da Sarki Muhammadu Dikko suka fara gwada abin da suka kira baitulmali. Zuwa 1911 gwamnati ta amince da tsarin, ya bazu a masarautun Arewa, har da Zazzau. Sunan na Musulunci ne, kuma da gangan aka zaɓe shi don ya shiga kunnen jama'a, amma ƙirar ta Turawa ce. Harajin da aka tara a kan raba shi, da farko rabi ga gwamnati rabi ga En'e, daga baya aka ƙara wa manyan En'e-En'e kaso. Rabon En'e ba ya shiga gidan sarki kuma, sai baitulmali. Daga nan za a biya kowa albashi, tun daga kan dogari da alƙali har shi kansa sarki.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Sarkin da a da shi ne mai komai, yanzu ya zama mai jiran ƙarshen wata, kuma wanda zai ƙirga masa albashin shi ne ma'ajinsa. A al'ada ma'aji yana faɗuwa ya yi gaisuwa a gaban sarki, a littafi kuwa sarki layi ɗaya ne cikin jerin masu karɓar kuɗi. Ma'aji ya wayi gari yana da iyayengiji biyu. Sarki ne ya naɗa shi, kuma a fada yake cin tuwo. Amma Di'o ne yake zuwa ya buɗe littafi, ya ƙirga abin da yake cikin akwatin ƙarfe, ya gwada da rasit da bauca. Idan sarki ya aiko a ba shi wani abu da ba ya cikin kasafin shekara, ma'aji ya shiga tsaka mai wuya. In ya hana, ya saɓa wa ubangidansa. In ya bayar, ranar bincike ba sarki za a kama ba. Mai yiwuwa a nan ne aka fara samun ma'aikacin kuɗi a ƙasar Hausa wanda ƙa'idar aikinsa ta ba shi hujjar ya ce wa mai mulki ba zai yiwu ba, ko da yake hujjar daga baƙon da ya ci ƙasar ta fito.

Ilmin da ake nema gare shi ma ya sauya. Da farko da Larabci da ajami ake rubuta lissafin, daga baya boko ya kankane. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana cikin wuraren farko da suka horar da malaman da za su iya wannan aiki. Malamin haraji da malamin jangali da malamin baitulmali suka zama wani sabon rukuni a cikin gari, masu albashi da keke da alƙalami a aljihu.

Kada kuma a ɗauka tsarin ya zo ne don jin daɗin talaka. Rarar da En'e ta tara ba a Zariya take zama ba, akan kai ta Landan a zuba a hannun wakilan gwamnatin Ingila, kuma daga baitulmalin masarautu aka ba da gudummawa a yaƙin duniya na farko da na biyu. Talakan da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji, an ba shi rasit, amma ba a ba shi bakin tambaya ba. Lissafin ma'aji sama yake hawa zuwa ga Razdan, bai taɓa gangarowa ƙofar mai unguwa ba.

Zamanin Siyasa

Da littafin kuɗi ya kafu, sai ya zama makami. A 1943 aka zargi Ahmadu Bello, wanda yake riƙe da sarautar Sardauna yana zaune a Gusau, da taɓa kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara, kuma a nan Zariya babbar kotu ta wanke shi. Shekara ashirin bayan haka, lokacin shi ne Firimiyan Jihar Arewa, gwamnatinsa ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya koma Azare da zama. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan shari'o'i biyu, darasin da masu mulki suka ɗauka guda ne, watau wanda yake riƙe da littafin baitulmali yana iya ɗaga mutum, yana iya kayar da shi.

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a gyara tsarin En'e. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa majalisar sarki, aka fara ba 'yan majalisa riƙon sassa, har da sashen kuɗi. Ta haka aka raba abu biyu da a da suke cakuɗe, mai tsara yadda za a kashe kuɗi da mai riƙon kuɗin. A matakin jiha kuwa, Makaman Bida, Alhaji Aliyu, shi ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Arewa har zuwa juyin mulkin 1966.

Zariya tana da babban rabo a wannan babi. A Kongo aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Daga Sakkwato har Adamawa En'e-En'e suna turo malaman baitulmalinsu Kongo su koyi lissafi da dokokin kuɗi. Mutum ya tafi yana yaron wani basarake, ya dawo da takardar da ba basaraken ne ya ba shi ba. A 1965 kuma doka ta kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, daga baya ANAN ta biyo, wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993. Daga nan kalmar akanta da odita suka zauna daram a bakin Hausawa, ma'aji kuma ya samu wata uwa ta uku, ƙungiyar sana'arsa, wadda take iya soke sunansa idan ya ci amana.

Bayan Rushewar En'e

Mulkin soja ya karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu, shi ya sa jaka, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200 a bakin 'yan kasuwa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Baitulmali ya bar hannun masarauta ya koma sakatariyar ƙaramar hukuma, sarki ya zama uban ƙasa.

Abin mamaki, wanda ya yanke tsohuwar igiyar ɗan ƙasar Zazzau ne, kuma akanta. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, haifaffen Kaya, ya yi Midil ta Zariya, ya ratsa ta Kongo, ya yi aikin akanta shekaru kafin ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ga talakan da ya san wulaƙancin da ake sha a hannun masu karɓar haraji, ranar farin ciki ce, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Majalisar jiha ta tsige gwamnan a 1981, amma harajin bai dawo da tsohon ƙarfinsa ba. Dalili kuwa, an riga an samu wata rijiya. Kuɗin man fetur ne yake gangarowa daga asusun tarayya kowane wata.

Wannan ya juya alƙiblar ma'aji gaba ɗaya. A da idonsa yana kan damina da farashin auduga da lafiyar shanu, domin in manomi bai samu ba, baitulmali bai samu ba. Yanzu idonsa yana kan taron rabon arzikin ƙasa da ake yi a Abuja. Mazaunin Ƙofar Galadima ya huta da dogari, amma ya rasa wani abu da bai san yana da shi ba. Wanda ya biya daga guminsa yana jin zafin kuɗin, ko da ba a ba shi bakin magana ba. Kuɗin da ya faɗo daga sama kuwa, kowa gani yake na gwamnati ne, kuma kayan gwamnati a idon mutane da yawa kamar kayan da ba su da mai su ne.

A ɗaya ɓangaren, darajar masanin kuɗi ta hau inda ma'ajin da bai taɓa mafarki ba. Malam Aliyu Mai Borno ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya a 1963. Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe wannan kujera daga 2009, aka dakatar da shi a watan Fabrairu na 2014 bayan ya ɗaga murya cewa akwai kuɗin mai masu yawa da ba su shiga asusun tarayya ba, kuma a cikin shekarar ya zama Sarkin Kano, a gadon kakansa da binciken baitulmali ya raba da sarauta. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ita ma a Zariya ta karanta aikin akanta, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023, a aikin da a da ko ɗa namiji mai 'ya'ya ba a yarda ya taɓa ba. A Zazzau ma, Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, wanda aka naɗa a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, ya yi aikin banki kafin ya hau gadon. Da can sarki ne yake neman mai ƙirga masa kuɗi, yanzu masu ƙirgar ne ake naɗa wa rawani.

Aikin kansa ya bar akwatin ƙarfe. A 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa ma'aikatunta amfani da asusun bai ɗaya a Babban Banki, Jihar Kaduna ma ta bi wannan hanya a shekarar, sa'an nan dokar harajinta ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukuma guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Babban jami'in kuɗi na yau yana iya shekara bai taɓa damin takardar naira na ofis ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya hango abin da zai shigo baɗi, ya auna bashin da za a iya biya da wanda zai karya wuya, ya zauna a teburin shawara tun kafin a yanke hukunci. Na'ura ta ɗauke masa ƙirga, amma ba ta ɗauke masa sa hannu ba, kuma a wajen sa hannun ne tsohuwar matsalar ma'ajin En'e take nan yadda take. Wanda ya naɗa shi, shi ne wanda ƙa'ida ta ce ya taka wa birki.

A ƙaramar hukuma abin ya fi tsanani. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma an daɗe ana kukan cewa gwamnoni suna riƙe kuɗin a can, ma'ajin ƙaramar hukuma ya zama mai biyan albashi kawai. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓun shugabanni ne suke riƙe da ita ba. A bisa wannan hukunci, kason Ƙaramar Hukumar Zariya, wadda Ƙofar Galadima take cikinta, a asusunta ya kamata ya sauka, ma'ajinta ne kuma zai amsa tambayar odita a kan kowace naira da ta fita.